Tarihin Fahimtar Tafiya ta Bai-ɗaya da Darasin da ke Cikinsa ga Malaman Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da akan fara koya wa ɗalibi a ajin kimiyyar fiziks na makarantar sakandare akwai darasin tafiya ta bai-ɗaya. Malami kan rubuta a allo cewa idan abu yana tafiya a miƙe, ba ya ƙara sauri kuma ba ya ragewa, to nisan da zai ci shi ne saurinsa sau lokacin da ya ɗauka. Daga nan sai a kawo misali, a ce mota mai gudun kilomita 60 a awa za ta ci kilomita 180 cikin awa 3. Ɗalibai su kwafa, su yi lissafi biyar ko shida, a wuce zuwa darasi na gaba, domin ana ganin abu ne mai sauƙi.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa masana sun yi kimanin shekara 2,000, watau daga zamanin Aristotil zuwa na Niyuton, suna fama da wannan batu kafin su daidaita a kansa. Tambayoyi biyu ne suka ɗaure musu kai. Ta farko, yaya za a fayyace irin wannan tafiya har a iya auna ta? Ta biyu, me ke sa abu ya ci gaba da tafiya bayan hannun da ya tura shi ya sake shi? Za mu bi tarihin waɗannan tambayoyi daki-daki, sa'an nan mu duba abin da ya kamata malami ya ɗauka daga ciki, domin mun yi imani cewa wahalar da magabata suka sha ita ce ɗalibanmu ke sha, ko da yake lissafin da suke yi daidai kan ɓoye ta.

2.0 Girkawa

Aristotil, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin Miladiyya, ya kasa motsi gida biyu. Akwai motsi na ɗabi'a, kamar faɗowar dutse ƙasa ko tashin hayaƙi sama, inda kowane abu ke neman mazauninsa na asali. Akwai kuma motsi na tilas, kamar jan keken shanu ko tura kwale-kwale, wanda a ganinsa ba ya yiwuwa sai da mai turawa da ke haɗe da abin, kuma da zarar turawa ta tsaya tafiya ta ƙare. Bai kamata mu raina wannan ra'ayi ba, domin shi ne abin da ido ke gani kullum. Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san in ya sake ta ba za ta yi nisa ba za ta tsaya.

Matsalar ita ce kibiya da dutsen jifa. Kibiya ta rabu da baka, amma tana ci gaba da tafiya ba tare da kowa yana tura ta ba. Aristotil ya amsa da cewa maharbi ba kibiya kaɗai ya motsa ba, har da iskar da ke kewaye da ita, kuma iskar ce ke ci gaba da ingiza ta har ƙarfin da aka ba ta ya ƙare. Wani abin lura shi ne, a cikin hujjojin da ya kawo don ƙaryata samuwar sarari wanda babu kome a cikinsa, ya ce da akwai irin wannan sarari, da abin da aka motsa a cikinsa ba shi da dalilin tsayawa a nan ko a can, sai ya yi ta tafiya har abada in ba wani abu ya tare shi ba. Shi ya ɗauki wannan a matsayin abin da hankali ba zai karɓa ba. Ashe kuwa abin da ya ƙi shi ne daga baya zai zama tushen ilmin motsi.

Ta ɓangaren awo kuwa, masu lissafi na Girka, irin su Arkimidis, sun yi amfani da tafiya ta bai-ɗaya a hujjojinsu, amma ba su raba nisa da lokaci kamar yadda muke yi. A ƙa'idarsu ana gwama abu da jinsinsa ne kawai, nisa da nisa, lokaci da lokaci. Saboda haka sukan ce idan lokaci ya ninka, nisa ma zai ninka, amma babu magana irin ta kilomita 60 a awa. Ɗaukar sauri a matsayin lamba ɗaya da ake samu ta hanyar raba nisa da lokaci bai zauna sosai ba sai a ƙarshen ƙarni na 17 da cikin ƙarni na 18.

Har ila yau, Girkawa sun ɗauka cewa inda ake samun cikakkiyar tafiya ta bai-ɗaya shi ne sama, kuma a da'ira take, ba a miƙe ba. Wannan aƙida ta yi ƙarfi ƙwarai. Ibnul Haisam, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, ya rubuta littafi yana sukar Batlamiyus saboda tsarinsa na taurari ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma Nasiruddin Ɗusi a Maraga, da Ibnus Shaɗir a Dimashƙa, da Kofanikus a littafinsa na 1543, duk sun yi ƙoƙarin gyara tsarin don ya dace da ita. Sai a 1609 Kepler ya nuna cewa duniyar Mirriku tana ƙara sauri in ta kusanci rana, tana ragewa in ta nisance ta.

3.0 Daga Iskandariyya zuwa Malaman Larabci

Wanda ya fara yi wa bayanin Aristotil suka mai nauyi shi ne Yohana Filofonus, malami a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na 6, wanda Larabawa suka sani da suna Yahaya Annahwi. Ya ce in da iska ce ke tura kibiya, to a aza kibiya a bisa tsinin sanda, a tara na'urori suna kaɗa iska daga bayanta, mu ga ko za ta tashi kamar yadda take tashi daga baka. Tun da ba za ta tashi ba, ke nan maharbi ne ke zuba wa kibiyar kanta wani ƙarfi wanda ba a gani, shi ne ke tafiyar da ita, iska kuwa tsaiko take kawowa. A ganinsa wannan ƙarfi yana raguwa da kansa har ya ƙare.

Da aka fassara littattafan Aristotil zuwa Larabci a Bagadaza, ciki har da littafinsa na ilmin ɗabi'a wanda Ishaƙ bin Hunain ya fassara, ra'ayoyin Yahaya Annahwi su ma sun shigo tare da su. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a Hamadan a 1037, ya tattauna batun a cikin Kitabus Shifa. Ya kira abin da mai jifa ke sa wa dutse da suna "maili", watau karkata. Inda ya bambanta da wanda ya gabace shi shi ne, ya ce wannan karkata ba ta gushewa da kanta. Abin da ke cinye ta shi ne turjiyar iska da makamantanta daga waje, kuma da za a sami sarari wanda babu kome a ciki, da tafiyar ba za ta yanke ba. Shi ma dai, kamar Aristotil, bai yarda akwai irin wannan sarari ba. Duk da haka an sami ci gaba, domin tambayar ta fara juyawa daga neman abin da ke tura dutse zuwa neman abin da ke tsayar da shi. A ƙarni na 12 Abul Barakat na Bagadaza ya koma ga ra'ayin cewa karkatar tana ƙarewa da kanta, abin da ke nuna mana cewa ba a miƙe tarihin ya tafi ba.

4.0 Oksfod da Faris

A farkon rabin ƙarni na 14 wasu malamai a Kwalejin Merton ta Jami'ar Oksfod a Ingila, cikinsu har da Thomas Bradwardine da William Heytesbury da Richard Swineshead, suka mai da hankali ga awon motsi ba tare da damuwa da musabbabinsa ba. Su ne suka rarrabe tsakanin tafiya ta bai-ɗaya, da tafiya mai ƙara sauri daidai-wa-daida, da wadda ba ta da tsari. A littafin Heytesbury na 1335 aka sami ƙa'idar da ake kira ƙa'idar matsakaicin sauri. Ma'anarta ita ce, idan abu yana ƙara sauri daidai-wa-daida, nisan da zai ci daidai yake da wanda zai ci in da ya yi tafiya ta bai-ɗaya da saurin da ke tsakiyar na farko da na ƙarshe. Alal misali, motar da ta tashi daga tsaye har ta kai gudun mita 20 a daƙiƙa cikin daƙiƙa 10 za ta ci mita 100, daidai da motar da ta yi daƙiƙa 10 tana gudun mita 10 a daƙiƙa. Muhimmancin wannan ƙa'ida shi ne ta mai da tafiya ta bai-ɗaya mudun da ake auna sauran tafiye-tafiye da shi.

A Faris ta Faransa, wajen 1350, Nicole Oresme ya zana wannan ƙa'ida. Ya ja layi a kwance ya ce shi ne lokaci, ya kuma tsayar da layuka a kansa waɗanda tsayinsu ke nuna sauri a kowane lokaci. Tafiya ta bai-ɗaya ta ba da siffa mai kusurwa huɗu, domin layukan duk tsayinsu ɗaya. Tafiya mai ƙara sauri daga tsaye kuma ta ba da alwatika. Girman filin da ke cikin siffar shi ne nisan da aka ci. Zanen da muke koya wa ɗalibai na sauri da lokaci daga nan ya samo asali.

A wannan jami'a ta Faris kuma Jean Buridan ya sake ɗaukar tambayar musabbabi. Ya kawo hujjoji daga abubuwan da kowa ya sani: dutsen niƙa da aka juya yana ci gaba da juyawa ko da yake bai bar gurbinsa ba balle iska ta biyo shi a baya, matuƙin da ke kan jirgin ruwa yana jin iska a fuskarsa ne, ba a ƙeyarsa ba, mutum kuma yana iya jefa dutse nesa fiye da gashin tsuntsu. Ya kira abin da ake sa wa dutsen "impetus" da Latinanci, ya ce yawansa yana bin yawan jikin abu da saurinsa, kuma zai dawwama in babu abin da ya rage shi. Amma ya zama dole mu lura cewa a wajen Buridan, kamar yadda yake a wajen Ibn Sina, tafiya tana bukatar dalili a kowane lokaci. Abin da kawai ya sauya shi ne mai turawar ya koma cikin dutsen.

5.0 Galiliyo

Galiliyo, wanda ya rayu a Italiya daga 1564 zuwa 1642, ya taɓa tambayoyin nan biyu duka. A littafinsa na 1638, wanda aka buga a Leiden ta ƙasar Holan, ya fara babin motsi da ma'anar tafiya ta bai-ɗaya, ya kuma ja hankali cewa tsohuwar ma'anar da ke cewa ana cin nisa iri ɗaya cikin lokaci iri ɗaya tana da giɓi. Dole a ƙara da cewa cikin kowane yanki na lokaci, kome ƙanƙantarsa. Dalili kuwa shi ne, mota tana iya cin kilomita 60 a awar farko, ta ci 60 a ta biyu, alhali a cikin kowace awa ta tsaya minti goma ta ɗauki fasinja sa'an nan ta rama da gudu. Awa da awa sun daidaita, amma minti da minti ba su daidaita ba.

A cikin wannan littafi ya bayyana gwajin da ya yi da katako mai tsawon kamu 12 wanda aka fafe masa hanya, aka jingina shi ya yi gangara, ana gangaro da ƙwallon tagulla a kai. Da yake babu agogo mai auna ɗan gajeren lokaci, sai ya riƙa tarar ruwan da ke zubowa ta siririn bututu yana auna nauyinsa. Game da musabbabi kuwa, hujjarsa ita ce: ƙwallo a gangara yana ƙara sauri, a hawa yana ragewa, saboda haka a shimfiɗar da ba hawa ba gangara, in ta yi santsi sosai, ba shi da dalilin ƙarawa ko ragewa.

Ba sha'awar lissafi kaɗai ta kai shi ga wannan ba. Babbar hujjar masu cewa ƙasa a tsaye take ita ce, da tana juyawa, da dutsen da aka saki daga bisa hasumiya zai faɗi can yamma da gindinta. Hujjar tana da nauyi, domin a tsakiyar duniya ƙasa tana juyawa da gudun mita 465 a daƙiƙa, dutse kuma yakan yi kamar daƙiƙa 2 kafin ya faɗo daga tsayin mita 20. Ke nan da an bar shi baya da fiye da mita 900. A littafinsa na 1632, wanda ya jawo aka gurfanar da shi a Rum a 1633, Galiliyo ya amsa da misalin ɗakin cikin jirgin ruwa. Muddin jirgin yana tafiya ta bai-ɗaya, ƙudaje za su yi ta shawagi yadda suka saba, ɗigon ruwa zai faɗa cikin kwalbar da ke ƙarƙashinsa, kuma wanda ke ciki ba zai iya gane ko jirgin na tafiya ko yana tsaye ba. A 1640 Pierre Gassendi ya sa aka gwada a bakin tekun Marsai: an saki dutse daga ƙololuwar dogon itacen da ke tsaye a tsakiyar jirgi yana cikin gudu, dutsen ya faɗi a gindin itacen. Dalili shi ne dutsen yana riƙe da tafiyar da yake yi tare da jirgin tun kafin a sake shi.

6.0 Descartes da Niyuton

Saura abu ɗaya. Shimfiɗar da Galiliyo yake nufi ita ce wadda ko'ina nisanta ɗaya da tsakiyar ƙasa, watau in an miƙa ta za ta zagaye duniya. René Descartes, a littafinsa na 1644, ya bayyana cewa abin da aka ƙyale shi a miƙe yake tafiya, ya kawo misali da dutsen majajjawa wanda da zarar an sake shi yake barin da'ira ya miƙe. A 1687 Ishaƙu Niyuton ya sa wannan a matsayin dokarsa ta farko a littafin Principia: abu yana zama a tsaye, ko ya ci gaba da tafiya ta bai-ɗaya a miƙe, sai in wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali. Da wannan aka daina neman dalilin tafiya. Tsayuwa da tafiya ta bai-ɗaya suka zama hali ɗaya, aikin ƙarfi kuma ya zama sauya sauri ko sauya alƙibla. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa a miƙaƙƙiyar hanya tana ƙona mai ne don ta soke turjiyar iska da gugar taya da hanya. In an haɗa turawar inji da waɗannan turjiya, abin da ya rage sifiri ne.

Wannan fahimta ta ɗore. Einstein ya ɗora nazarinsa na 1905 a kan ka'idar ɗakin jirgin Galiliyo. A 1983 aka sake fayyace tsawon mita da cewa shi ne nisan da haske ke ci, a sararin da babu kome, cikin kashi 1 bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Kumbon Voyager 1 kuma, wanda Amurka ta harba a 1977, ya fita daga yankin iskar rana a 2012 da gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa ba tare da inji yana tura shi gaba ba.

7.0 Darasi ga Malami

Binciken da aka yi a Faransa da Amurka ya tabbatar da abin da malamai da yawa suka lura da shi a aji. Laurence Viennot a 1979, da John Clement a 1982, da Michael McCloskey a 1983, sun gano cewa ɗalibai masu yawa, har da na jami'a waɗanda suka karanta dokokin Niyuton, suna ɗauka cewa kwabon da aka cilla sama akwai wani ƙarfi na hannu a tare da shi yana tura shi, ko kuma ƙwallon da mai tafiya ya saki zai faɗi a daidai inda aka sake shi. Wannan kuwa shi ne ra'ayin Filofonus da Buridan, ba tare da ɗaliban sun taɓa jin sunayensu ba.

Ga mai koyarwa da Hausa akwai ƙarin abin lura, domin harshen yau da kullum yana ɗauke da wannan ra'ayi. Mukan ce mota ta taho da ƙarfi, muna nufin da gudu. Mukan ce ƙwallo ya tsaya don ƙarfinsa ya ƙare. Haka kuma kalmar "sauri" a bakin jama'a tana nufin hanzari, alhali a fiziks kunkuru ma yana da saurinsa, ƙarami ne kawai. In malami bai tsaya ya ware ma'anar aji daga ma'anar gida ba, ɗalibi zai ji dokar Niyuton ya fassara ta da fahimtar Buridan. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) A nanata kalmar "kowane" a cikin ma'anar, a kuma ba da misalin motar da ke tsayawa a hanya, don ɗalibi ya bambanta matsakaicin sauri da tafiya ta bai-ɗaya.

(b) Kafin a faɗi doka, a tambayi ɗalibai inda dutse zai faɗi in mai gudu ya sake shi, a rubuta amsoshinsu a allo, sa'an nan a fita fili a gwada.

(c) A gangaro da ƙwallo ɗaya daga tsayi ɗaya zuwa kan yashi, da kan daɓe, da kan gilashi, a auna nisan da ya ci a kowanne, a bar ɗalibai su faɗi abin da zai faru in babu guga sam.

(d) A yi amfani da zanen Oresme tun a darasin farko, domin wanda ya ga nisa a matsayin filin siffa mai kusurwa huɗu ba zai sha wahalar alwatika ba in an zo ƙaruwar sauri.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa ma'anar tafiya ta bai-ɗaya ta samu ne a hannun masu lissafi na Girka da malaman Oksfod da Galiliyo, bayanin musabbabinta kuma ya bi ta hannun Filofonus da Ibn Sina da Buridan kafin ya kammala a wajen Descartes da Niyuton. Ɗalibin da ya ce dutse na tafiya ne saboda ƙarfin da ke cikinsa ba dolo ba ne. Yana tsaye ne a inda manyan masana suka daɗe a tsaye. Aikin malami shi ne ya gano inda ɗalibin yake, ya kawo masa hujjojin da suka ciyar da magabata gaba, maimakon ya wadatu da cewa ya iya ninka 60 sau 3. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman masu horar da malaman kimiyya da masu aikin daidaita kalmomin fannu, za su duba batun kalmomin "ƙarfi" da "sauri" da "gudu" da idon basira, su fitar da matsaya ɗaya da littattafan makaranta za su bi.